Jar Motar Malam da A-kori-kurar Auta

Jar motar ta riga ni zuwa gidan Malam. Ranar da aka kawo ni Abakpa ina amarya, tana nan a ƙarƙashin wata rumfar kwano a gefen tsakar gida, an lulluɓe ta da tsohon zanen gado. Bayan kwana biyu, da baƙi suka ragu, na ɗaga zanen don in ga abin da aka ɓoye, sai dariya ta kama ni. Mota ce 'yar ƙarama, ƙofa biyu, kujera biyu, gabanta dogo kamar bakin kada. Ga ta a ƙasa-ƙasa, in ka zauna a ciki kana iya miƙa hannu ka taɓa kwalta. Ba ta da rufin ƙarfe, sai na tamfol da ake naɗewa baya. Malam ya saye ta ne a hannun wani Bature injiniya da ya gama aiki zai koma ƙasarsu, lokacin shi Malam yana ƙaramin ma'aikacin gwamnati. Ko a wannan lokacin ma ba sabuwa ba ce.

Mun sha yawo a cikinta a shekarar farko. Sai haihuwa ta zo, ɗaya bayan ɗaya har biyar, ita kuwa mota mai kujera biyu ba ta san zancen iyali ba. Malam ya sayi wata mai ɗaukar mutane, ta tsufa ya sayar, ya sake wata. Motoci sun shigo gidan nan sun fita, amma ja tana nan a rumfarta. Akwai shekarun da ko tayar da ita ba a yi, tayoyinta suka sace, kajina suka mayar da ƙarƙashinta wurin yin ƙwai. Masu sayen tsohon ƙarfe sun yi sallama ba sau ɗaya ba. Kullum amsar Malam ɗaya ce: "Ba ta mutu ba, barci take."

Da ya yi ritaya ne ya tashe ta. Shi da wani tsohon bakanike sa'ansa suka shafe kusan shekara biyu a kanta. Su tafi kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Panteka neman wani ɗan ƙarfe da bai fi ɗan yatsa ba, su dawo da la'asar ba su samu ba, su sa a ƙera musu. Ranar da injin ya tashi ina tankaɗen gari, na ji wani gurnani har kwanukan da ke kan kanta suka amsa. Na fito da rariya a hannu na tarar da dattawa biyu, baƙin mai har gwiwar hannu, suna dariya kamar an yi musu albishir da kujerar Makka.

Amma da aikin ya ƙare, sai gidan ya yi shiru. Yara duk sun yi aure sun watse. Malam mutum ne da ya saba a zo ofis a nemi taimakonsa, yanzu kuwa daga masallaci sai rediyo, daga rediyo sai goge mota. Ran Asabar yakan fita da ita ya zaga ta Doka ya dawo. Ban da wannan, babu mai nemansa da komai. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma ni da nake tare da shi na ga yadda maganarsa ta ragu.

A cikin wannan hali ne, a tsakiyar daminar bara, ƙanena ya sayi tasa motar. Shi ne autanmu, don haka har yau da furfura a gemunsa Auta muke ce masa. Yana sayar da kayan gini, gidansa na Kinkinau, kuma mahaifiyarmu Inna tana wurinsa. Auta ƙato ne, ga murya, ga waya biyu da ba sa yin shiru. Tun yana yaro suke wasa da Malam irin na ƙanen mata da mijin yaya, kuma girma bai rage komai ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka ji hon a ƙofar gida, mai kauri kamar na tirela. Na leƙa sai na ga wani baƙin abu ya tare hasken get gaba ɗaya. Mota ce mai buɗaɗɗen baya irin ta ɗaukar kaya, amma gabanta ƙofa huɗu, tana ƙyalli har kana ganin fuskarka. Tayarta ta kai mini ƙugu. Da Auta ya buɗe ƙofa, sai wata matakala ta fito da kanta daga ƙarƙashi don ya taka ya sauko. Ya yi ƙoƙarin shigo da ita gidan, get ya ce bai san zancen ba.

Malam ya fito yana gyara tabarau. Ya zaga ta sau ɗaya, hannuwansa a baya, ya leƙa bayanta, sannan ya ce, "Ma sha Allah, Auta. Allah ya sa alheri. Ashe a-kori-kura ka saya."

Auta ya dafe ƙirji. "A-kori-kura? Malam, wannan ce a-kori-kura? Shiga ka ga kujera. Fata ce zalla. Kujerar nan tana hura maka sanyi a baya, in ka so kuma ta yi maka tausa."

"To ai na ga wurin ɗaukar buhu a baya. Duk motar da ke da wurin buhu a baya, sunanta ɗaya tun muna yara."

"Gara ni tawa tana ɗaukar buhu. Kwalin ashanar nan taka me take ɗauka? Yaya kaɗai in ta shiga da jakarta, sai a bar jakar a gida."

Haka suka yi ta yi har aka kawo abinci. Malam ya ce mota ita ce wadda kake jin hanya a tafin hannunka, kana sauraron injin yana gaya maka lokacin canja giya. Auta ya ce mota ita ce wadda za ka faɗa rami ba ka sani ba sai an ba ka labari. Malam ya ce tasa in ta lalace da sifana ɗaya da sukurdireba zai gyara ta a bakin titi. Auta ya ce tasa ba ta san lalacewa ba. Daga ƙarshe dukansu suka juyo gare ni.

"Yaya, ke ce alƙali. Tsakani da Allah wacce ta fi?"

Ni kuwa don in raba kaina da rigima na ce, "Alƙali ba ya hukunci sai da shaida. Kai ba ka taɓa tuƙa tasa ba, shi bai taɓa tuƙa taka ba. Ku yi musaya na mako guda, ran Juma'a mai zuwa kowa ya zo ya faɗi abin da ya gani."

Wallahi da wasa na faɗa. Na ɗauka Malam ba zai taɓa yarda wani ya zauna a kujerar motar nan ba. Sai kawai na ga ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da ɗan makullinta mai igiyar fata, ya ajiye a gaban Auta. Auta ya dubi makullin, ya dube ni, ya ga ba hanyar ja da baya, shi ma ya zaro nasa.

Shigar Auta cikin jar motar kaɗai abin kallo ne. Ya sa ƙafa ɗaya, ya tattare babbar riga, ya sulale ciki kamar ana cusa matashi a rigarsa. Gwiwoyinsa suka tokare sitiyari. Ya manta da zancen kuloci, don rabonsa da mota mai giyar hannu an daɗe, motar ta yi tsalle ta mutu. Sau uku tana mutuwa kafin su kai get. Malam na biye da shi a ƙasa yana cewa, "A hankali! Lallaɓa ta ake yi, ba a yi mata tsawa!" Da ya samu ta miƙe a kan layi, iska ta ɗauke masa hula, wata maƙwabciyarmu ta tsinto ta kawo mini.

Mu kuma aka bar mu da dutse a ƙofar gida. Washegari da safe Malam ya ce in shirya mu gwada ta. Ya hau, ya yi ta laluben inda ake zura makulli, babu. Sai da ya kira Auta a waya aka ce masa ya taka birki ya danna wani maɓalli. Da ya danna, allon da ke gaba ya kawo haske, kujera ta matsa da kanta, sai wata murya ta mace ta yi magana da Turanci. Malam ya ɗan zabura, ya ce, "Wa alaikumus salam." Na yi dariya har da hawaye.

Da zai yi ribas, allon ya nuna masa duk abin da ke bayansa, har da akuyar da ke kwance a gindin katanga. Bai yarda ba. Ya ce shi ba zai ba talabijin amanar bayansa ba, in sauka in duba masa. Na sauka ina "taho, taho, tsaya," motar kuma tana ta ƙara tit-tit-tit tana faɗin abin da nake faɗa.

Amma fa in faɗi gaskiya, da muka hau titi na ji abin da ban taɓa ji ba. An rufe gilashi, hayaniyar gari ta ɗauke ɗif. Sanyi yana ratsa ni ta baya. Ina kallon rufin motocin mutane daga sama, 'yan acaɓa da masu keke suna kaucewa tun daga nesa. Akwai wani rami a kan hanyarmu da ruwan sama ke cikawa, wanda Malam kan yi dogon zagaye don ya kauce masa in yana cikin ja. Ran nan ya rufe ido ya bi ta kai, ko girgiza ba mu yi ba. Da muka wuce sai ya ce, "Wannan ai ba tuƙi ba ne. Zama ne a falo, falon yana tafiya."

Na ce, "To Allah ya ƙara mana irin wannan falo. Mu biya kasuwa."

Ran nan na huce haushin shekaru. Na sayi buhun masara, na sayi doya, na sayi manja, na ɗauki sabon turmi da na daɗe ina so ina tunanin yadda zan kawo shi gida. Duk aka zuba a baya, ko rabi ba a ci ba.

Mutanen layinmu suna ganin an sauke kaya, sai labari ya bazu. Ran Lahadi da safe wata bazawara da ke bayanmu ta yi sallama, ta ce keken ɗinkinta ya lalace tun watan jiya, ko Malam zai taimaka a kai shi wurin mai gyara. Aka kai. Ran Litinin limamin masallacinmu ya ce akwai tabarmi da buhunan siminti da aka ba masallaci, an rasa mai ɗaukowa. Aka ɗauko. Ran Talata maƙwabcinmu da aka yi wa haihuwa ya zo yana sosa ƙeya, wai ragon suna ne yake can kasuwar dabbobi. Malam ya ce, "Hau mu je." Suka dawo da rago a tsaye a baya yana kallon gari kamar mai duba aiki, ya kuma bar shaidarsa a kan shimfiɗar motar. Malam ya wanke da kansa yana dariya, yana cewa, "Ai na gaya wa yaron nan a-kori-kura ce, yanzu ta amsa sunanta."

Abin da na lura da shi a makon nan ba motar ba ce, Malam ne. Yana idar da azkar ɗin safe zai sa hula ya zauna a zaure, wai ko wani zai zo. Kuma ana zuwa. Ya dawo da rana da gumi, ya ci abinci da yawa, ya ba ni labarin inda suka je da wanda suka gani. Muryar nan tasa ta ofis, ta mai tsara yadda za a yi, ta dawo. Na daɗe ban ji ta ba.

Ran Laraba na ce ya kai ni Kinkinau in gaida Inna, in kuma ga yadda Auta yake fama. Mun tarar ba ya nan. Matarsa ta tare mu tana dariya tun kafin mu zauna. Ta ce ran farko sai turo shi aka yi daga bakin layi. Rana ta biyu ya je shago, mutane suka taru a kan motar har aka rufe masa ƙofa, tsofaffi na ba da labarin irinta da suka gani suna samari, matasa na ɗaukar hoto. Ya dawo yana cewa ya yi sati biyu da sabuwar mota ba wanda ya tsayar da shi, amma wannan tsohuwar ta hana shi ciniki.

"Kuma Yaya," in ji ta, "kin san shi da waya. To a cikin motar nan ba ya jin ƙararta saboda iska da injin, hannuwansa kuma duk biyu suna aiki. Jiya ya fita bayan la'asar ya yi awa guda, ya dawo ya ce mini rabonsa da ya yi awa guda ba wanda ya kira shi ya amsa tun kafin a haifi babbar 'yarmu."

Na ce, "Yanzu ina ya tafi?"

Ta rufe baki da gefen mayafi. "Sun fita da Inna."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Inna ta haura tamanin. Kuma ita ce, lokacin ina amarya, ta kira ni gefe ta ce kada ta sake jin an gan ni a cikin motar nan marar rufi, wai ba ta 'ya'yan mutunci ba ce. Ashe tun da Auta ya sayi babbar motarsa Inna ba ta shige ta ba, don gwiwarta ba ta iya hawa ko da matakalar. Da ta ga ja a tsakar gida, ta zaga ta da sandarta, ta ce wannan ai ba hawa ake yi ba, zama ake yi. Ta sa aka buɗe mata.

Muna tsaye a ƙofar gida muka jiyo gurnanin. Sai ga su sun shawo kwana, Auta ba hula, Inna a gefensa ta ɗaure mayafinta tam a ƙarƙashin haɓa, hannu ɗaya riƙe da ƙofa, ɗaya riƙe da carbi. Bakinta har kunne. Da suka tsaya na matsa na ce, "Inna, ke ce a motar da ba ta 'ya'yan mutunci ba?"

Ta dube ni ba ko kunya, ta ce, "Lokacin ke yarinya ce. Ni yanzu wa zai yi mini faɗa?" Sannan ta taɓa Auta da carbi. "Kai, ƙara zagawa ɗaya, ban ga gidan 'yar'uwata da kyau ba."

Suka ƙara. Fito da ita kuwa sai da muka haɗu mu uku, tana dariya tana cewa mu bi ta a hankali kada mu karya mata abin da ya saura. Malam yana gefe, na ga ya cire tabarau yana gogewa.

Ran Juma'a aka taru a gidanmu. Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, aka kawo Inna a jar mota bisa umarninta. Bayan an ci, Auta ya ajiye makulli ya ce, "Malam, zan faɗi gaskiya. Bayana yana ciwo, hulata biyu sun tafi, kuma na sha turi. Amma ka sayar mini da ita."

"Ba ta sayarwa ba ce."

"To ka ba ni aro duk ran Lahadi."

Malam ya yi kamar yana tunani. "Sai dai in za ka bar mini a-kori-kurarka duk ran Asabar. Na yi wa mutane alkawari, akwai gadon da za a kai Doka."

"Ka daina ce mata a-kori-kura."

"Wannan kuma ba ya cikin sharaɗi."

Suka tafa. Sai Auta ya tuna, ya ce, "Yaya, saura hukunci."

Na yi niyyar in ce kowacce da ranarta, amma Inna ta ce alƙalin da ya ce kowa ya yi gaskiya bai yi shari'a ba. Don haka na faɗi abin da ke raina. Na ce ni dai ta Auta ta fi mini. Shekaruna sun wuce na naɗe ƙafa kamar mai shiga kwando, kuma ina son in isa gidan biki da ɗaurin ɗankwalina yadda na fito da shi. Auta ya miƙe yana kabbara. Malam ya riƙe baki ya ce shekara arba'in yana ciyar da ni ashe 'yar adawa ce a gidansa. Inna ta ce kada ya damu, ita tana bayansa, kuma ƙuri'ar uwa ta fi ta 'ya.

Bayan la'asar suka tafi a babbar motar, sai da Auta ya ɗaga Inna cak ya sa ta a ciki. Gidan ya koma namu mu biyu. Malam ya zaga jar motarsa yana duba ta, ya shafa nan ya shafa can, ya gyara madubi da kujera zuwa yadda ya saba. Sannan ya leƙo ɗaki.

"Alƙali, ko za a raka wanda ya faɗi shari'a ya sayo gasasshiyar masara?"

Na ce hadari fa ya haɗu a gabas. Ya ce kafin ya sauko mun dawo.

Ba mu dawo ba. Muna karɓar masarar a hannun mai gashi a bakin titi, iska ta taso, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Malam ya fita da gudu zai ja rufin tamfol, ƙarfen gefe ɗaya ya cije. Ya ja, na fito na kama masa, muka ja tare, ya ƙi. Mutanen da suka fake a rumfar wani shago suna ta kiran mu mu shigo. Malam ya dube ni, ruwa na zuba daga gemunsa, ya ce, "Mun riga mun jiƙe. Mu fake ko mu tafi?"

Na cusa masarar a ƙarƙashin mayafi na ce, "Mu tafi."

Haka muka ratso unguwa a buɗe, tsofaffi biyu sharkaf, yana tuƙi da hannu ɗaya yana share tabarau da ɗaya, ni kuma ina nuna masa inda ramuka suke. Masu fakewa a gefen hanya suna ɗaga mana hannu, muna ɗaga musu. Da muka shiga gida sai da muka kwashe ruwa daga cikin motar da kofin silba. Muka canja kaya, na dafa shayi mai citta, muka zauna a baranda muka ci masararmu da sauran ɗuminta, ruwa yana ta dukan kwano.